Leza, Ba Reza Ba

Yayata tana da gemu. Gara in faɗa tun yanzu in huta, don in na tsaya kewaye-kewaye sai labarin ya ƙare ban iso wurin ba. Ba irin gemun da ake shafawa ana ba da shawara ba ne. Wasu 'yan gasusuwa ne masu taurin kai a ƙarƙashin haɓa da gefen muƙamuƙi, baƙaƙe wuluk, masu kauri kamar zaren ɗinkin jaka. Wajen kakarmu muka gado shi, sai dai da aka zo rabo ya tsallake ni ya sauka a kanta gaba ɗaya, har yau kuwa kallona take kamar ni na yi rabon.

Ita shugabar makarantar firamare ce, mace mai kwarjini. In ta tsaya a bakin aji, yaro ko tari ya taso masa sai ya haɗiye. Amma kullum da sassafe tana kulle kanta a banɗaki da ɗan madubi da hantsaki, wato ɗan ƙarfen nan na tsige gashi, ta yi ta cizon leɓe tana tsiga ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da ɗoriya tana wannan wahala, duk don kada mutum ɗaya ya sani. Mutumin kuwa mijinta ne. Mijin nata kuma mai aski ne.

Na sha gaya mata wannan daidai yake da ɓoye wa tela yagar riga, kuma ni tela ce, na san abin da nake faɗa. Sai ta harare ni.

"Ke me kika sani, Auta? Mutumin da ya yini yana kallon kan jama'a, in ya dawo gida idonsa ya gaji. Bai sani ba, kuma ba zai sani ba. Ranar da ya sani, ni ban san da wane ido zan kalle shi ba."

Ba wasa take ba. Macen da ba ta tsoron sufeton ilimi, ba ta tsoron iyayen yara, wannan abu ɗaya shi ne yake kashe mata gwiwa.

Shagon mijin nata yana bakin titi, ɗaki ɗaya: kujera mai juyawa da take kuka in an zauna, manyan madubai biyu suna kallon juna, tawul a rataye, ƙamshin hoda da sabulu. A ƙofa akwai benci na mutanen da ba aski ke kawo su ba, hira ce, wasunsu ma ba su da abin askewa. Mutum ne shiru-shiru, mai sanyin hannu. Abu biyu aka san shi da su. Ƙugin kilifa, injin askin nan, ya cinye masa kunne, ka ce masa gobe ya ce wace gobara. Sannan ba ya cire hula, ko a shago, ko a gida, ko yana cin abinci. Kowa ya san abin da ke ƙarƙashinta, wato babu komai, amma ba wanda ya taɓa tayar da maganar, har Yaya.

Abin alfaharin Yaya a duk wannan lamari shi ne hantsakin. Tun tana amarya ta saye shi, tana ɓoye shi a cikin tsohon gwangwanin man shafawa a saman tagar banɗaki.

"Irin kayan da ne," take ce min. "Bakinsa bai taɓa gocewa ba, bai taɓa dakushewa ba. Na yanzu, wata biyu sun saki baki."

Ni da nake yawon kai almakashina wajen masu wasawa na yi mamakin ƙarfen da ba ya gajiya, amma ban kawo komai a raina ba.

Hantsakin bai gaji ba, idonta ne ya gaji. Ta fara kama fata a maimakon gashi, haɓar ta cika da ƙuraje da baƙin tabo. Wata rana ta zo shagona gwajin riga, ina zagaya mata tef a wuya sai na ga wani dogon sili ya tsere wa hantsaki, har ya yi lanƙwasa yana shan iska. Da na nuna mata a madubi sai ta zauna a kan tarin yadin mutane.

"Na shiga uku. Wannan ai ya kwana biyu. Auta, da shi na yi ta kai masa abinci?"

A ranar na kawo maganar leza, injin nan da ake haska fata da shi gashi ya daina fitowa. A layinmu ma akwai mai shagon kwalliya, Madam Sheƙi, ta sayo wani ta kafa hotonsa a ƙofa. Yaya ta so mu shiga can ta ƙofar baya a gama a rufe. Na ce Allah ya kiyaye. Na ga matar mai gyaran waya bayan ta fito daga hannun Madam Sheƙi, kumatunta sun yi tabo reras, siffar bakin injin sak, kamar an manta dutsen guga a kan siliki. Ta je neman sheƙi ta dawo tana neman mayafi mai kauri. Na ce wa Yaya in dai fuskarta za a haska, to likitar fata za mu nema a asibiti.

Likitar da muka samu yarinya ce a kanmu, baƙa ce fiye da mu duka biyun, wannan kaɗai ya sa na ji hankalina ya kwanta. Ta kunna fitila, ta ɗaga haɓar Yaya da yatsa ɗaya. Yaya ta runtse ido kamar an kamo ta da satar amsa.

"Hajiya, ki saki jikinki, kullum irin wannan nake gani. Bari in gaya miki yadda abin yake. Hasken nan baƙi yake bi, shi ya sa yake samun gashi ya bi shi har saiwa ya ƙone ta. To dubi fatarmu, ita ma baƙa ce. Akwai injin da in aka ɗora mana shi ba ya bambance gashi da fata, duka yake toyawa. Namu na nan haskensa yana wuce saman fata ya tafi can ƙasa, kuma yana hura sanyi yana aiki. Duk da haka ba na ɗora shi a fuskar kowa sai na gwada a wani ɗan wuri ɓoyayye, mu jira mu ga yadda fatar za ta karɓa."

Nan take ta shiga raina. Ni ma ba na ɗora dutsen guga a gaban riga sai na ɗana shi a cikin kalmasa.

"Kina shafa man bilicin?"

"Ni?" Yaya ta buɗe ido. "Dube ni da kyau, 'yar nan."

"Tambaya ce, kowa ina yi masa. Ki rage shiga rana, zan ba ki man da za ki riƙa shafawa. Babban abin kuma, daga yau an daina tsiga."

"An daina me?"

"Tsiga. In kin cire saiwar, me hasken zai tarar? Ki bar shi ya fito. In ya dame ki, ki aske da reza."

"Reza? Reza ai ƙara gashi take!"

Likita ta yi dariya. "Da gaskiya ne, Hajiya, da babu mai sanƙo a duniya."

Na yi tari. Yaya ta taka min ƙafa.

Rezar dai ta ƙi. Duk rezar da ke gidan ta maigida ce, kuma ya san kayansa. Ta saya a waje? Mai kantin layinsu a shagon mijin nata yake aski. Don haka ta ari ƙaramin almakashina na yanke zare tana ragewa, abin da ya saura kuma ta naɗe shi da gyale, daga ƙasan leɓe har ƙirji, kamar mai ciwon haƙori. Da gyalen take cin abinci, da shi take kwana, fuska ga bango. In ya tambaye ta sai ta ce sanyi take ji, alhali fanka tana ta gudu.

Aka yi gwajin a can gefen muƙamuƙi, muka jira, fatar ba ta tashi ba, ba ta canza launi ba. Nas ɗin likita ta kira wayata ina kicin ɗin Yaya, don Yaya ta hana a ba da lambarta.

"To madalla," na ce. "A ce wa Likita mun amince, a yi mata lezar. Wuyan da haɓar duka. Amma don Allah kada mijinta ya sani."

Ashe yana bayan tagar kicin yana shanya tawul ɗin shago. Daga baya ne na sami labarin. Kunnen da bai taɓa jin an aike shi sayen gishiri ba, ranar ya ji likita, ya ji wuya, ya ji kada mijinta ya sani. Kalma ɗaya tak ya gyara da kansa. Shi a duniyarsa babu wani abu leza. Reza ya sani, kuma ya san abin da likita ke yi da ita. Ya haɗa da gyalen da ya ƙi sauka, ya yanke wa kansa cewa wani mugun abu ne ya tsiro a maƙogwaron matarsa, za a yanka, an ɓoye masa.

Daga ranar gidan ya rikice. Mutumin da bai san inda ake ajiye soso ba ya kama wanke-wanke. Ya yi shara. Yana ɗaukar mata jaka har ƙofar makaranta, yara suna leƙe. Wata safiya ya kawo mata shayi har gado, ya tsaya a kanta yana murza hannu.

"Malama, in na taɓa ɓata miki a zamanmu, ki yafe min."

Ko makaranta Yaya ba ta fara zuwa ba, shagona ta faɗo.

"Ya gani, Auta. Wallahi ya gani. Tausayina yake ji. Da ma dariya ya yi min, da ya fi min sauƙi."

Ta yi kuka sosai, ni kuwa na rungume ta, don ban taɓa ganin hawayenta ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Washegari sai ga mijin nata da kansa a shagona. Tsakanina da shi tsokana ce, ni in ce masa Yallaɓai, shi ya ce min sarkin surutu. Ranar ko murmushi babu. Ya zauna a kujerar masu jira, ya dafe hularsa da hannu biyu.

"Auta, na riga na sani. Kada ki ɓoye min. Abin da ke wuyan yayarki, babba ne?"

Tunda Yaya ta ce ya gani, shi ma ya ce ya sani, me ya rage? Ni kuma bakina ba shi da zif, duk da zif ɗin da nake sa wa mutane. Na kashe keken ɗinki, na ɗaga murya don ya ji.

"Ba wani babba ba ne, Yallaɓai. Saiwa ce da shi."

"Saiwa!"

"Eh. Likita ta ce sai an bi saiwar an kashe, in ba haka ba ko an cire dawowa yake."

Ya matso kusa. "Ya daɗe?"

"Tun kafin ka aure ta. Ƙaruwa dai yake yi."

"Ana... ana rabuwa da shi?"

"Sai an yi ta zuwa, ba sau ɗaya ba. A jininmu yake ai. Kakarmu ma da shi ta rasu."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka kama rawa. Na tsaya ina kallonsa, haushi ya kama ni. Na ce a raina, yau ga mai aski yana kuka a kan gashi, wannan wane irin raini ne ga yayata? Ya tambayi ranar da asibitin, ya ce addu'a kawai zai yi, kuma kada in gaya mata ya zo. Na faɗa masa don ya tashi ya ba ni wuri.

Ranar aikin muka isa da hantsi. Ɗakin ƙarami ne mai sanyi: gado mai rufin roba, inji kamar ƙaramin firji da tiyo a jikinsa, baƙaƙen tabarau a kan tire, famfon wanke hannu a lungu. An ce Yaya ta zo a aske, ba ta aske ba, don haka nas ta fasa sabuwar reza a leda za ta yi mata. Yaya ta kwanta, hannunta yana kan kullin gyale tana tara ƙarfin hali.

Sai muka ji hayaniya a waje, ƙofa ta buɗe.

Yallaɓai ne, da jakar askinsa a hammata, don daga shago ya taho bai ma san ya ɗauko ta ba. A bayansa na hango mutum uku daga 'yan benci, direban tasi, mai walda da wani tsohon ɗan sanda, kowa ya naɗe hannun riga har dantse. Idonsa ya sauka a kan rezar da ke hannun nas.

"Ajiye wannan, 'yata, don Allah. Likita, ni ne mijinta. Ban zo hana aiki ba. Na zo da mutum uku, jininsu mai kyau ne, a ɗiba yadda ake so, nawa ma a tatse. Amma ba za a yanka wuyan matata ina can ina gyara ƙeyar wani ba."

Likita ta kalle ni, ta kalli Yaya. "Wa ya ce za a yanka ta, Baba?"

"Da kunnena na ji. Auta ta ce a yi mata reza, wuya da haɓa."

"Leza na ce!" Na tura ƙofa na rufe a fuskar mai walda. "Leza!"

"Ai abin da na ce kenan. Reza."

"La! La, irin ta lemo! Ba ra ba!"

"Lemo kuma za a ba ta?"

Likita ta matso kusa da kunnensa, ta yi masa bayani dalla-dalla: haske ne, ba yanka, ba jini, ba ɗinki. Ya gyaɗa kai, amma fuskarsa ba ta saki ba.

"To me za a haska? Me ke wuyanta?"

Likita ta juya ga Yaya, don ba sirrinta ba ne. Nas ta kama gyaran tabarau da ba su karkace ba. Duk wannan lokaci Yaya tana kwance, ta ƙanƙame gyale, idonta a kan rufin ɗaki. Na ga lokacin da ta gane: wanke-wanken, shayin, neman yafiyar, ba tausayin mai gemu ba ne, mutumin nan ya yi makonni yana ban kwana da ita a zuciyarsa. Ta tashi zaune. Da hannunta ta kwance gyalen, ta sauke shi a cinya.

"Gashi ne, Maigida," ta faɗa can ƙasa-ƙasa. "Gemu gare ni."

Ya kai tafi bayan kunne. "Me gare ki?"

Wayyo. Sirrin da ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana kulle wa ƙofa, yau sai ta faɗe shi da ƙarfi, ga kuma 'yan benci uku a bayan katako. Na ruga na buɗe famfo har ƙarshe, na haɗa da tari.

"Gemu!" ta ce, da muryar da take tara yara a fili.

Ya tsaya. Ya dubi haɓar, ya dubi Likita, ya sake duban haɓar. Sai ya zauna a kan kujerar nas, jakar ta zame ƙasa.

"Gemun? Wannan gemun namu?"

"Namu?" in ji Yaya.

Dariya yake, hawaye na zuba, ya rasa wanda zai fara sharewa. Ya nuna ni da yatsa.

"Wannan yarinya ta ce min da shi kakarku ta rasu!"

"Ai da shi ta rasu," na ce. "Ban ce shi ya kashe ta ba."

Yaya ba ta ko kalle ni ba. "Me kake nufi da namu? Tun yaushe?"

"Tun watan farko, Malama. Ni fa ko a cikin mota na hango ƙeyar mutum na san yaushe rabonsa da aski. Sai haɓar da nake kwana kusa da ita ce za ta ɓace min?" Ya goge ido da bayan hannu. "Hantsakin da ke cikin gwangwani a saman taga, wa kike zaton yake daidaita masa baki? In kin tafi makaranta nake wasa shi in mayar. Sau biyu ma ya karye, na nemo irinsa na goge shi da yashi don ya tsufa."

"Irin kayan da," na ce a hankali. Wannan karon ƙafata ta yi mata nisa.

Yaya ta dube shi. "Me ya hana ka faɗa? Ka bar ni ina ta ɓoyo ni kaɗai kamar mahaukaciya."

"Na ga ba kya so in sani, sai na ƙi sani." Ya taɓa hularsa. "Ke kin taɓa tambayata abin da ke ƙarƙashin hular nan?"

Ta ɗaga ido ta dubi hular. Ni dai na ji kunyar haushin da na ji a kansa, na kuma ji ina ƙaunar mutumin nan kamar uwa ɗaya ta haife mu.

Ya miƙe ya leƙa waje. Na kasa kunne, don a nan ne asirin zai tonu ko ya rufu.

"Jama'a, an gode Allah. An duba, ba sai an yanka ba. Ɗan haske ne za a haska mata a wuya, shi kenan."

"To jinin fa?" in ji direban tasi. "Ni tun jiya nake shan madara."

Nas ta fita da fara'arta ta ce tunda sun riga sun naɗe hannu, ɗakin ɗibar jini yana hawa na ƙasa, kuma kullum ana nema. Ta tasa su gaba. Tsohon ɗan sandan ne kawai na ji yana cewa shi dama rakiya ya yi.

Yallaɓai ya dawo ya tsaya gaban Likita kamar ɗan makaranta.

"Likita, askin da za a yi kafin hasken, ko za a bar ni in yi?"

Ta dubi Yaya. Yaya ta sunkuyar da kai, ba ta ce a'a ba.

"Da rezarmu sabuwa, Baba. Ba turare, ba hoda, kuma kada a maimaita wuri ɗaya, ba na son fatar ta fusata."

"To, Likita. Yadda kika ce."

Ta sake kunna fitila ta duba kafin ya fara. "Hajiya, gara in gaya miki tun yanzu. Akwai farare a ciki, furfura ta fara. Waɗannan hasken ba ya ganinsu. Baƙaƙen za su yi ta raguwa, fararen suna nan."

Fuskar Yaya ta faɗi. Shi kuwa yana wanke hannu a famfo, kuma abin mamaki, wannan ya ji sarai.

"A bar min su, Likita. Ni ina ganinsu."

Ya shimfiɗa mata tawul a ƙirji. Da ya sunkuya sai hular ta zamo masa kan ido. Ya tura ta baya, ta sake zamowa. Sai kawai ya cire ta ya ɗora a cinyar Yaya, a kan gyalen.

"Riƙe min."

Fitilar likita ta sauka a kan sanƙon nan nasa, ɗakin har ƙara haske ya yi. Ba wanda ya yi dariya, ko ni. Yaya ta riƙe hular da hannu biyu, hawaye suna gangarowa ta gefen kunnenta.

"Ɗaga kai, Malama. Kuma ki daina, ba na aski ana kuka."

Aikin hasken kansa bai ɗauki wani lokaci ba. Duka muka sa baƙin tabarau muka zama kamar 'yan walda, injin yana hura sanyi, ana jin ɗan ƙaurin gashi, Yaya tana cewa kamar ana harbinta da robar ɗaure kaya. Mun yi ta komawa wata da watanni. Baƙaƙen suka yi ta guduwa, ƙurajen suka kwanta, tabon ya dusashe a hankali, fatarta kuwa tana nan da launinta yadda Allah ya yi ta.

Kwanan baya na kai mata ɗinki da safe. Na yi sallama na shiga, ƙofar banɗaki a buɗe, ba kowa a ciki. A falo na same su, bakin taga. Tana zaune a kan kujera da tawul a wuya, ta ɗaga haɓa sama. Shi yana tsaye a kanta, kai ba hula, tabarau a ƙarshen hanci, hantsakin a hannunsa yana farautar fararen.

Na tsaya da leda a hannu, ina jiran ta rarumo gyale.

"Auta," ta ce, ko motsi ba ta yi ba, "matsa daga nan, kin tare masa haske."